Ranar da Na Shimfiɗa wa Surukina Ciyawar Roba

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗana na fari, kuma ko na so in manta, mutanen garin surukaina ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga garin a kan moto, wato babur, sai wani dattijo ya miƙe daga inda yake zaune, ya juya ya duba bayan rigarsa, sannan ya amsa sallamata.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko (mushe, yadda ake kiranmu a nan), ina koyarwa a ƙauyenmu da ke bakin Gulbin Kaba. Matata Rakiya 'yar mai garin wani ƙauye ce kusa da Kanan Bakashe. Sunan mahaifinta ba zai fito daga bakina ba, suruki ne. Baba Mai Gari za mu ce. Dogon mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ya kalle ka sai ka fara tuno laifin da ka yi bara.

Bai taɓa yi mini mugunta ba, tsakani da Allah. Ya ba ni 'yarsa ba tare da ja-in-ja ba. Amma na san matsayina a idonsa. Sauran surukansa manoma ne na ji da gani, in kaka ta yi sai ka ga amalanke ɗauke da damman hatsi a ƙofar gidansa, a ce daga wane ne. Ni kuwa sabulu da shayi nake kaiwa a leda. Ranar da na je gayyar gonarsa na karɓi hauya don in nuna ni ma ɗan ƙasa ne, ban yi nisa ba tafin hannuna ya yi bororo, kuma rabin abin da na sare hatsi ne ba ciyawa ba. Daga baya Rakiya ta gaya mini abin da ya ce, tana dariya: "Mushe yaron kirki ne. Hannunshi dai na alli ne." Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai. Na ƙudurta sai wata rana dattijon nan ya ga wani abu da hannun nan ya yi, ya tambaya da bakinsa wa ya yi shi.

Ana nan, aka kira mu horon malamai a Maraɗi. Wata rana da yamma muna yawon shan iska na ga wani ɗan filin balo, wato ƙwallon ƙafa, da aka kewaye da waya, kore shar, a tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ta manta launin ganye. Na tambayi abokan tafiyata wane irin ruwa suke ba shi. Suka yi mini dariyar ƙauyanci, suka ce gazon ne, wato ciyawar roba. Na durƙusa na ja tsinke ɗaya. Roba ce kuwa. Na buɗa tsakanin tsinkayen da yatsa, sai ga rairayi a ƙasa, haɗe da wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu taushi. Aka ce mini tsohuwar taya ce aka niƙa, don in mutum ya faɗi kada ya ji ciwo.

Da na koma masauki na nemo bidiyon yadda ake yin abin a selula. Kiredina, kuɗin da na sa a wayar, ya kusa ƙarewa, bidiyon kuma doguwa ce, da wani harshen da ban san ko na ina ba ne. Farkonta wasu manyan tukwanen ƙarfe ne da mutane masu hular kwano suna zagayawa. Na ce wannan gaishe-gaishe ne, na ja gaba. (Ku riƙe wannan. Duk abin da ya same ni daga nan ya taso.) Inda na tsaya na ga koren zaren roba naɗe a kan manyan ƙwarƙwaro. Wani inji mai jerin allurai yana cusa zaren cikin wani yadi mai kama da buhun taki, wuƙa tana bi tana yanke kan zaren ya miƙe tsaye. Aka juya yadin aka shafe bayansa da gam don kada tsinkayen su zare, aka busar, aka huda ƙananan ramuka na wucewar ruwa. A ƙarshe aka shimfiɗa shi a fili aka zuba rairayi da garin taya, aka share da buroshi.

Na ajiye selula ina murmushi ni kaɗai. Shi ke nan? Buhu muna da shi. Tsohuwar taya ga ta a kowace kasuwa. Rairayi kuwa Allah ya hore mana shi har cikin tuwo. Abin da ya rage launi ne, shi ma ga shi a gida, don Innata saƙar tabarma take yi, kuma ba wanda ya kai ta iya rina kaba kore a unguwarmu.

Lokacin Rakiya tana da ciki, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, lakwal kuma an shiga hutun damina. Ɗaki ya zama nawa ni kaɗai, ba mai cewa me kake yi. Na san a ƙofar gidan Baba Mai Gari za a raɗa suna. Na hango shi zaune a kan koriyar ciyawa, sauran jama'a a kan tabarmi, ana tambaya daga ina aka kawo wannan, daga Yamai ko daga Makka. Ni kuwa ina gefe na sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Na farke buhunan taki na ɗinke su suka zama shimfiɗa guda, faɗin tabarma biyu da 'yan kai. Wasu fararen buhunan na warware su zare-zare, na yanka tsawon ɗan yatsa. Sai rini. Na ari tukunyar Inna na tafasa ruwan kore yadda take yi wa kaba, na zuba zaren. Kafin in ɗauko muciya duk ya ƙanƙance ya dunƙule wuri guda. Inna ta leƙo ta ce, "Ni dai kaba na sani, ɗan nan. Tukunyar ga kuwa in ka kashe mini ita, kai za ka sawo wata." Na sake gwadawa da ruwan sanyi. Wannan karon zaren bai ƙone ba, amma launin ya ƙi zama, ina tsamowa yana zubewa.

A nan ne basira ta zo mini, ko in ce abin da na ɗauka basira ce. Na tuna da ƙaro ake haɗa tawada ta kama allo. Na jiƙa ƙaro mai kauri na dama da rinin, na tsoma zaren na shanya a rana. Sai ga shi ya bushe kore fes, har da ƙyalli. Na murza da yatsa, ba abin da ya fita. (Mai hankali zai tuna da me ake wanke allo. Ni ban tuna ba.)

Sauran aikin na haƙuri ne. Na zauna cikin ɗaki da basilla, ina cusa zaren tsinke-tsinke, layi bayan layi, ana ruwa a waje. Abokaina suka daina ganina a wurin shayi, har aka fara cewa kewar mata ce ta kwantar da ni. Bayan shimfiɗar na shafe shi da gam ɗin masu faci, warinsa ya sa ni ciwon kai har na fara ganin mutum biyu-biyu. Na je kasuwar Tasawa na roƙi ragowar yanke-yanke a wurin masu takalman taya, na zo na zauna ina yayyanka su a kan katako kamar mai yankan albasa. Yatsuna suka yi kanta. Ina kallon kantar nan ina jin daɗi, ina cewa a raina: to, ga hannun alli.

Ranar da na gama Inna ta tsaya a kansa ta riƙe baki. "Kai! Sai ka ce gonar shinkafa." Ta ɗaga ƙafa za ta taka na ce a'a, Inna, ba a takawa tukuna. Na naɗe shi na ɗora a kan bukkar kaya, na lulluɓe da leda.

Rakiya ta sauka lafiya ana tsakar yankan hatsi, aka samu namiji. Jajiberin suna na ɗora kayana a amalanken jaki, ni ina biye a kan moto a hankali, muka isa da la'asar. Da na warware shimfiɗar a ƙofar gida na ga tsinkayen sun kwanta saboda naɗi. Na zuba rairayi da garin taya na bi da tsintsiya, na ce in ta kwana a buɗe za ta miƙe. Yaran gari suka taru. Na kewaye ta da igiya, na sa ƙaya a kusurwoyi, na yi rantsuwa duk wanda ya taka sai na kai ƙararsa wurin mushensu. Ba na son ƙafar kowa ta riga ta surukina. Haka na yi gadin abin da kyau har na tabbatar ba wanda zai gano aibinsa a kan lokaci.

Lokacin kaka ne, raɓa na sauka sosai. Da muka fito daga sallar asuba gari ya fara haske, na ga ciyawata ta miƙe tana walƙiya, kowane tsinke da ɗigon ruwa a kansa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ko ta Maraɗi ba ta yi wannan kyau ba.

Akwai wani abu kuma game da ranar. A safiyar ne aka kira masu gari taro a meri, wato ofishin hukumar yanki, a Kanan Bakashe, don a tsai da ranar da za a saki gonaki wa dabbobi. Makiyaya sun fara gangarowa daga arewa, ga wake bai gama nuna ba a yankin. Ƙauyukan kewaye suka wakilta Baba Mai Gari ya tsaya gaban hukuma da ardo-ardo ya roƙi a ƙara musu lokaci. Don haka ya fito cikin babbar rigarsa ta farar shadda, wadda ba ya sawa sai sallah ko shiga meri. Ta sha guga tana amsa kuwwa. An riga an kira mai kabu-kabu yana jira a gefe, ana shafa fatiha zai ɗauke shi.

Uban ɗan fari ba ya zama gaba-gaba ranar suna, kunya ce. Na je na laɓe jikin wani itacen bedi, bayan dattawa, inda zan ga komai. Baba Mai Gari ya iso da sandarsa ya tsaya a bakin shimfiɗar. Ya kalle ta ya daɗe. Girarsa ta ɗan ɗaga, kuma a wurinsa wannan guɗa ce. Ya cire takalmi ya hau, ya tattara rigarsa ya zauna a tsakiya ya harɗe. Liman ya zo ya shimfiɗa buzunsa a kai kamar kullum, ya zauna. Aka yi wa Baba Nomau tayi. Baba Nomau taubashin surukina ne, ɗan gwaggonsa, tun suna yara suke tsokanar juna, kuma duk garin shi kaɗai ke iya gaya masa magana son rai. Ya dubi ciyawar ya ce, "Ni ba tunkiya ba ne," ya koma kan tabarma.

Aka raba goro da dabino. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Ni ban ji rabin abin da ake yi ba, ina ta kallon yadda mutane ke miƙa wuya suna leƙen ciyawata suna raɗa. Rana ta ɗan ɗago. Aka shafa.

Baba Mai Gari ya dafa sandarsa zai miƙe, sai na ji wata 'yar ƙara, irin ta fitar da faci daga jikin taya. Rigar ta ɗan riƙe shi kafin ta sake shi. Shi bai kula ba, ya ɗauka danshin raɓa ne. Ya zura takalmi ya gyara hannayen riga a kafaɗa, ya juya wa jama'a baya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Daga ƙugunsa har bayan gwiwa kore ne shar, fage guda, faɗin faifai babba. A kan koren ga rairayi ya manne, ga garin taya ɗigo-ɗigo baƙi ƙirin. Har da wasu tsinkaye da gam bai kama da kyau ba, sun biyo shi suna lilo.

Kowa ya gani, kuma kowa ya samu abin kallo a wani wuri. Liman ya duƙufa kan carbinsa. 'Ya'yan gidan suka sunkuyar da kai. Maroƙi, wanda bakinsa bai taɓa rufuwa ba, ya cusa goro guda a baki. Wa zai dubi mai gari ya yi masa maganar mazauninsa a gaban jama'a? Shi kuwa yana tafiya a natse zuwa wurin moto, yana amsa gaisuwa da ɗaga hannu.

Na hango shi tsaye a meri, ya juya zai koma mazauninsa bayan ya gama magana, ga ma'aikata ga makiyaya ga sauran masu gari. Wa zai ƙara tuna maganar wake? Na ruga wurin Baba Nomau na durƙusa. Na tarar da shi ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

"Baba, don girman Allah ku gaya mishi," na ce da raɗa. "Ku kaɗai ke iyawa."

"In gaya mishi mi?" Ya share hawaye. "Tun muna kiwon awaki nike jiran rana irin wagga. Bar shi shi tahi. Makiyaya na neman haki, ga shi zai kai musu har meri."

"Baba, mutuncinshi ne!"

"To ba kai ka shuka ba? Tahi ka girbe." Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai gari! Rigar ga ta karɓe ka yau. Yi sauri kada ka makara!"

Ban taɓa jin haushin tsoho kamar yadda na ji na Baba Nomau a lokacin ba. Na duba dama da hagu. Rakiya tana cikin gida tana jego, kafin saƙo ya shiga ya fito moto ya bar gari. Ba yadda na iya. Ni da ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ni da nake cire takalmi tun daga nesa in zan gaishe shi, na sha gabansa na tsuguna.

"Baba, Allah shi ƙara girma. Na ce ko a sake riga. Hanya ba ta da kyau."

Bai kalle ni ba. Ya yi magana da iska, yadda ya saba in ni ne: "Riga guda gare ni ta shiga meri."

Mai kabu-kabu ya tada moto. Baba Mai Gari ya miƙa wa wani sandarsa, ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa. Ni dai ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Sai kawai na ga na damƙi gefen rigar surukina, na riƙe gam. Na ji jama'a sun ja numfashi gaba ɗaya. Ya tsaya da ƙafa guda a sama, ya juyo, ya sauke mini idanun nan. Duk kalmomin ladabi da na koya tun ina yaro suka gudu suka bar ni. Bakina ya buɗe da kansa, da muryar da nake tsawata wa 'yan aji:

"Baba, ɗuwawunku duk ya yi kore!"

A gaban liman. A gaban 'ya'yansa. A gaban matan da ke leƙe ta saman darni. Na ji wata tsohuwa ta ce "La'ilaha illallahu" daga cikin gida. Baba Nomau kuwa ya kwanta a kan tabarma yana dukan ƙasa.

Baba Mai Gari ya sauke ƙafarsa. Ya jawo bayan rigar zuwa gaba a hankali, ya duba. Ya ciro tsinke ɗaya ya juya shi a yatsunsa. Ya dubi shimfiɗar, inda yanzu ake ganin fari fat a daidai wurin da ya zauna. Sannan ya yi tambayar da na kwashe damina guda ina mafarkin ji daga bakinsa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Baba," na ce, kaina a ƙasa. "Da hannuna."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Amma rana tana hawa, taro ba zai jira ba. Aka ce a ɗauko wata riga, aka dawo aka ce ɗaya tana jiƙe a wanki, sauran na zaman gida ne. Ni kuwa ina sanye da sabuwar shaddata ruwan sararin sama, wadda na ɗinka a Tasawa musamman don sunan. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙe na tuɓe ta nan take na miƙa da hannu biyu. Sai da iska ta buge ni na tuna abin da ke ƙarƙashi: tsohuwar rigar balo ce da na yi aikin rinin da ita, hammata a yage, gaba duk dabbare-dabbaren kore, ga ƙatuwar lamba a baya. Na sa ta ne da asuba ina cewa wa zai gani.

Ya shiga zaure ya sake. Da ya fito rigar ta tsaya masa a ƙwauri, hannayen ba su kai wuyan hannu ba. Ya hau moto suka tafi, suka bar ni tsaye a tsakiyar taron sunan ɗana kamar mai tsaron gida da aka ci wa balo.

Yinin ranar a bayan rumbu na yi shi. Ina jin mata suna shiga gida da kwanukan barka, suna fitowa da labari. Aka kawo mini tuwo da naman suna, tare da saƙon Rakiya: wai in ci in ƙoshi, kuma don Allah kada in ƙera wa jariri komai. Aka jiƙa farar shaddar aka wanke da sabulu, aka sake wankewa. Rairayi ya fita, garin taya ya fita, kore ya ce yana nan. Rinin da ya ƙi roba ya samu auduga ya ga wurin zama.

A bayan rumbun ne, don ba ni da abin yi, na sake buɗe bidiyon na kalle ta daga farko. Ashe cikin tukwanen nan da na tsallake ake narkar da ƙwayoyin roba, a zuba launin a ciki tun tana ruwa, tare da maganin da ke hana rana cinye ta. Sannan a matso ta ta wasu ƙananan ramuka ta fito zare-zare, kamar yadda injin taliya ke yi, a sanyaya a ruwa a ja ta. Wato koren a cikin jikinta yake, ba shafa shi ake yi ba. Duk wannan bayani bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Shi na ƙi kallo don tsimin kiredi.

Bayan la'asar na ji ƙarar moto. Jim kaɗan aka ce Baba na kira. Na yafa wani mayafi da aka ara mini na tafi. Na same shi a zaure, har yanzu cikin rigata, Baba Nomau a gefensa. Na tsuguna a bakin ƙofa. Na riga na gama shirya yadda zan koma gida in gaya wa Inna na zubar da mutuncinmu a garin mutane.

Bai yi magana da ni ba. Ya juya wurin taubashinsa, alhali ga ni a gabansa.

"Nomau, gaya ma yaron ga an ƙara muna lokaci, wake zai shiga gida kahin a saki dabbobi."

"Ka ji," in ji Baba Nomau.

"Gaya mishi rigarshi ta matse ni a hammata, amma ta ruhe mini asiri." Ya gyara zama. "Gaya mishi kuma, garin ga kowa ya ga bayana da sahe. Waɗanda na haihwa sun gani, waɗanda muka tashi tare sun gani." Ya harari Baba Nomau. "Shi ɗai ya buɗe baki. Bakin dai ba shi da linzami, amma ya buɗe."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah shi ƙara girma."

"In gaya mishi shi kwashe gonarshi daga ƙohwar gida?" in ji Baba Nomau.

"A'a. A naɗe a ajiye mini. Mutumin da ya zauna ya dasa wanga abu tsinke-tsinke ba raggo ba ne." Sai a karo na farko ya dube ni kai tsaye, gefen bakinsa yana motsi. "Wauta ce dai ta yi mishi yawa. Ita ko ana girma a bar ta."

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Na sayo masa sabuwar farar shadda na aika, ya karɓa ya sa albarka. Tsohuwar kuwa bai yar ba. Ya aika da ita marina aka rine ta kore gaba ɗaya, daga wuya har ƙasa. Ba ya sa ta ranar sallah, ba ya sa ta zuwa meri. Amma duk ranar da ya ji labarin zan zo garin, ita zan tarar a jikinsa, yana zaune a ƙofar gida da carbinsa, fuskar nan a ɗaure kamar bai san komai ba. In tsuguna in gaishe shi, ya amsa, ya ɗan kakkaɓe hannun rigar, ya tambaye ni lafiyar Inna.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido, ko a kallon bidiyo ne. Kuma duk abin da za ka shimfiɗa wa surukinka, komai kyansa, yayyafa masa ruwa tukuna, ka sa farar riga, ka fara zama a kai da kanka.